Injin da Ya Yi Niƙa Ranar Lahadi

Da ba don an hana mu rantsuwa ba, da na rantse muku ba za ku yarda da wannan ba. Amma ku kasa kunne.

Akwai wani mutum a ƙasar Amurka, tun zamanin da ba mota ba lantarki. Makaranta dai bai gama ta ba, an kore shi ne saboda ya ƙera wa malaminsu kujera mai naɗewa da mutum a ciki. Amma Allah ya ba shi hannu. Ya ƙera abin ɓare masara, ya ƙera gadon jariri mai lilo da kansa, ya ƙera ƙofar da takan rufe bayan mai shiga. Ga shi da cika baki, kullum yana cewa, "In dai abu yana motsi, zan sa shi ya yi mini bauta."

Babban aikinsa shi ne injin niƙa a bakin rafi, can bayan tudu. Ruwa ke juya duwatsun, injin kuwa da kansa yake jan alkama, ya niƙa, ya zuba gari a buhu. Har ƙararrawa ya sa masa, wadda takan kaɗa in alkama ta ƙare. Gama in duwatsu suka gogi juna ba komai a tsakani, sai su yi tartsatsi, ƙurar gari kuwa ba ta wasa da wuta.

A garinsu ba mai aiki ranar Lahadi. Shi kuwa sai ya riƙa cika injin da sassafe, daidai abin da zai kai a tashi sujada, ya buɗe ruwa, ya sa rigarsa mai kyau, ya je masujada ya zauna a layin gaba.

Matarsa ta ce, "Maigida, wannan abu ba kyau."

Ya yi dariya ya ce, "Ni kika ga ina aiki? Rafi ne. Je ki yi wa rafi wa'azi."

Ana nan, wata Lahadi aka yi baƙon mai wa'azi. Bawan Allah nan ya ce "a ƙarshe" sau huɗu bai ƙare ba. Mai injin ya fara zufa. Da aka sunkuya za a yi addu'a, masujada ta yi tsit, sai ga ƙarar ƙararrawa daga bayan tudu. Kowa ya san ta, domin shi da kansa ya bi gida gida yana alfahari da ita.

Ya runtse ido ƙam. In ya tashi, ya tona kansa. In ya zauna, wuta za ta ci alkamar da maƙwabta suka ajiye a wurinsa, har da buhu biyu na wata gwauruwa, abincinta na shekara ke nan. Ga ta ma a bayansa, tana ta cewa amin.

Sai ya miƙe, ya ce, "'Yan'uwa, ni ne. Na bar injin yana niƙa. Ku taimake ni da bokitai!"

Ikilisiya duka ta kwasa da gudu, baƙon mai wa'azi yana biye yana haki. Suka tarar da hayaƙi, suka tare ruwa, suka kashe wutar. Buhu ɗaya ne ya ƙone, na gwauruwar.

Tsohuwar ta dubi tokar, ta dube shi, ta ce, "Ɗana, duk wayon nan naka, a kan abincina ya ƙare?"

Ya ɗauki buhun alkamarsa mafi kyau a kafaɗa, da rigar Lahadin a jikinsa, ya ratsa tsakiyar gari har ƙofarta, jama'a na kallo.

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin nan mu ne. Basirarsa baiwa ce daga Allah, ba laifi ba ce. Laifinsa shi ne ya kawo jikinsa sujada, ya bar zuciyarsa a bakin rafi, yana tsammani ya yi wa Ubangiji wayo. Wani a cikinmu bakinsa yana waƙa, hankalinsa yana shago. Wata tana durƙushe, tana tunanin wadda za ta rama wa magana. Abin da muka bari yana juyawa a ɓoye, yawanci ba mu kaɗai yake ƙonawa ba, yakan ci na wanda bai san komai ba.

Amma kada ku raina mutumin nan. Ya zaɓi kunya domin ya ceci abincin maƙwabtansa, kuma da ya ce "ni ne", ba wanda ya tsaya zaginsa, bokiti kowa ya ɗauka. In akwai abin da kake ɓoyewa yau, ɗan'uwa, tashi ka faɗa tun akwai sauran abin ceto.