Gizo da Ƙwan Marka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A bayan garin su Gizo akwai wani kududdufi da ba ya riƙe ruwa sai da damina. A cikinsa akwai wasu 'yan kifaye, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, jajaye da ratsin shuɗi. Kwanansu kaɗan ne. Ruwan shuka ke ƙyanƙyashe su, kafin a yi maimai sun yi aure, kafin a kai gero rumbu sun tsufa tukuf. Uwa ba ta taɓa ganin 'ya'yanta. Sai dai ta binne ƙwanta a taɓo, ruwa ya ƙafe, ta mutu, ƙwan ya yi ta barci har wata damina ta tashe shi.

Cikinsu akwai wata ana ce mata Marka. Rannan sai ga wata malamar jami'a mai bincike, Malama Uwani, ta durƙusa bakin ruwa ta yi sallama.

Ta ce, "Marka, tsufa muke nazari. Na mutum sai an shekara saba'in ana jira, naku kuwa damina guda ya isa mu gani. Ki ba ni taɓon ƙwanki ƙoƙo ɗaya, zan dawo miki da zuri'arki."

Marka ta ce, "Ɗebi, Malama. Allah ya sa a amfana."

Ashe Gizo na laɓe a bayan sabara. Rabin magana ya ji, ya cika sauran da kansa. Ya ce, "Af! Ashe taɓon nan maganin tsufa ne! In na yaɓe ɗakina da shi, ta ina furfura za ta shigo?"

Da ruwa ya ja baya, Marka ta tsufa har ba ta iya juya wutsiya, sai ga shi yana share hawayen ƙarya.

"Sannu, Gwaggo. Bar mini ƙwan nan, ni zan tsare."

Ta ce, "Amana, Gizo. Kada ka bari ko ɗigon ruwa ya taɓa su sai na sama."

Ya rantse har da dafa ƙasa. Maƙaryacin banza! Ko bakwai ɗinta ba a yi ba ya ɗauko sangwami.

Kwaɗo ya leƙo daga rami ya ce, "Gizo, amana fa!"

Gizo ya ce, "Mai ita ta mutu. Wa zai tambaye ni?"

Ya cika kwando da taɓon ƙwan. Kunkuru ya tare shi a hanya ya ce, "Gizo, amana fa!"

"Matsa can, sarkin nawa. Wa zai tambaye ni?"

Ya juye a tsakar gida. Matarsa Ƙoƙi ta riƙe baki ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, amana fa!"

"Ke dai miƙo tulu. Wa zai tambaye ni?"

To kun san yaɓe ba ya yiwuwa sai an kwaɓa ƙasa. Ya tuttula tulu na farko, taɓo ya yi laushi. Ya tuttula na biyu, taɓo ya fara motsi. Ya tuttula na uku, sai ga 'yan kifi ƙanana kamar tsakin gero, fal cikin kwaɓin, suna ta murna.

"Damina ta zo! Damina ta zo! Baba, ina kududdufinmu?"

Damina ina? Rani ne ya shigo, ga ranar nan mai fasa kai! Ƙoƙi ta ruga rijiya da guga, kafin ta dawo ƙasa ta shanye ruwan tas. Muryoyin suka yi ta raguwa har aka ji tsit. Wallahi duk sanda na zo nan raina ɓaci yake. Shi kuwa ɗan banzan ko a jikinsa, ya sa ƙafa ya tattake, ya yaɓe ɗakinsa, ya shiga ya miƙe.

Da ruwan shuka ya sauka, kududdufi ya cika, amma babu ko kifi ɗaya. Sai ga Malama Uwani da bokiti, ta kawo jikokin Marka da ta raina daga ƙoƙon nan. Ta zuba su, suka zaga gabas, suka zaga yamma, suka ɗago kai.

"Ina 'yan'uwanmu?"

An taru a bakin ruwa ana kallo, har da Gizo da Ƙoƙi. Kwaɗo ya nuna Gizo. Kunkuru ya nuna Gizo. Ƙoƙi ma ta nuna shi, tana kuka. Kifayen suka haɗa baki suka ce, "Gizo, ina amanar kakarmu?"

Mai cewa wa zai tambaye shi, ga masu tambaya sun zo. Ya sunkuyar da kai don kunya, sai ya ga fuskarsa a ruwa, furfura fat har gira. Ya zura da gudu gida, ya tarar ruwa ya zubar da yaɓen. Tun ran nan yake rakuɓe a kusurwar ɗakin mutane, ba ya iya haɗa ido da kowa.

Ku ji da kyau, kai ma mai gyangyaɗin nan. Amanar wanda ba zai dawo ya tambaya ba ta fi kowace amana nauyi, kuma ko shi bai dawo ba, nasa za su zo.

Ƙungurus kan kusu. In da ƙarya a ciki, ku bi Gizo kusurwa ku tambaye shi.