Yatsan Dakta Haladu a Kan Jijiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba, shekarun baya can. Likita ne, amma ba irin wanda zai rubuta maka maganin zazzaɓi ka tafi ba. Shi aikinsa ya buɗe ƙirjin mutum, ya gyara zuciya, ya mayar ya rufe. Sunansa Dakta Haladu. Ku matso ku saurara, na baya ku ajiye waya, labarin ba shi da tsawo.

Masu wannan aiki ba su da yawa a ƙasar, don haka suka haɗa ƙungiya. Ƙungiyar ce ke koyar da masu tasowa, ita ke jarraba su, ita ke cewa wane ya isa ya taɓa zuciya, wane bai isa ba. To, suna da wata al'ada. In an kwantar da mara lafiya a gadon tiyata, mai aikin yana tsayawa ta damansa, mai taimako kuma ta hagu. Ranar jarrabawa ɗalibi ne a dama, malaminsa a hagu, manyan ƙungiya na tsaye a baya suna kallo. Idan abu ya rikice har malam ya zagayo dama ya karɓi allura, shi ke nan, ɗalibi ya faɗi. An yarda ka faɗi sau ɗaya. In aka sake zagayo maka, sai dai ka nemi wani fannin, zuciya kam kun yi sallama.

Akwai wani ɗalibi, Dakta Mudi. Ba yaro ba ne, magidanci ne da 'ya'yansa, ƙuruciyarsa duk a koyon wannan aiki ta ƙare. An riga an zagayo masa sau ɗaya a hannun wani malami. Tun daga ranar manya suka riƙa kauce masa, babu mai son ya tsaya masa a hagu. Sai Dakta Haladu ya ce, "A ba ni shi."

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi, jarrabawar ta faɗo a makon babban taron ƙungiya, makon da za a zaɓi sabon shugaba, kuma sunan Dakta Haladu ne a bakin kowa. Shugaban masu jarrabawa, Farfesa Shu'aibu, wanda tare suka yi karatu, ya ja shi gefe.

"Haladu, kai wani lokaci kamar ba ka san inda ke maka ciwo ba. Ga zaɓe a gabanka, kowa na gudun mutumin nan, kai ka je ka rungumo shi?"

"Farfesa, na ga ɗinkinsa. Hannunsa lafiya lau, tsoro ne ya yi masa yawa."

"To tsoron nasa zai cinye maka kujera."

Dakta Haladu ya yi dariya ya ce, "In ya cinye, ai akwai benci."

Ranar jarrabawa ta zo. Mara lafiyar wani dattijo ne mai sayar da goro, Malam Isiyaku. Aka sa shi barci, aka buɗe ƙirji, aka jona shi da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu har a gama. Mudi ya yi gyaran nan tsaf, zuciya ta koma bugawa da kanta. Manyan da ke tsaye a baya har sun fara gyaɗa kai. Abin da ya rage kaɗan ne: a zare bututun injin daga babbar jijiya, a ɗaure ƙofar da zare.

Ku saurara da kyau, a nan abin yake. Jijiyar tsoho ba kamar ta saurayi ba ce, ta yi laushi, kamar tsohuwar riga da ta sha wanki. Zare a irin wannan wuri lallaɓa shi ake yi. Shi kuwa Mudi, don ɗokin ya ga ya gama, don tsoron kada a ce ɗaurinsa ya yi sako-sako, sai ya ja da ƙarfi. Zaren ya yanka jijiyar. Jini ya yi tsartuwa har gilashin idonsa.

Kafin kowa ya buɗe baki, yatsan Dakta Haladu na kan wurin. Jini ya tsaya.

Mudi ya ja da baya, ya ba da hanya. "Malam, zagayo. Na ɓata."

"Ina za ka? Dawo wurinka."

Farfesa Shu'aibu ya ɗaga murya daga baya. "Haladu, ran mutum ne fa! Zagaya ka karɓa!"

"Farfesa, matso ka duba. Ko ɗigo ba ya fita. Muddin yatsan nan na riƙe, dattijon nan bai rasa komai ba. Wallahi in na ji ya gaza, ba sai ka ce mini ba, zan zagaya ko da ɗan cikina ne a tsaye a wurin."

Kada wani a cikinku ya ce wasa ya yi da rai. Bai yi ba. Ya san iyakar abin da yatsansa zai iya, kuma ya faɗe ta a gaban kowa. Ya sa mai kula da barcin ya sassauta ƙarfin jinin, ya sa aka goge wa Mudi gilashi, sannan ya dube shi.

"Mudi, me ka ci da safe?"

Mudi ya ce, "Malam?"

"Tambayarka nake. Me ka ci?"

"Ban iya cin komai ba, Malam."

"Shi ya sa kake jan zare kamar mai jan guga. Yunwa ce. Ja numfashi. Na riƙe maka, babu inda za ni. Ƙara ja. Yauwa. Yanzu gaya mini, da a ce ni ne na yaga wurin nan, me za ka ce in yi?"

Mudi ya ce, "Sai a sa ɗan ƙyalle a tallafi ɗinkin, a soka allura nesa da inda ya yage, a ɗaure a hankali."

"To ai ka sani. Bismillah."

Ya soka allura ta ƙarƙashin yatsan malaminsa. Ya yi sukan farko, ya yi na biyu, daga nan ya ci gaba a natse. Shi kuwa bawan Allahn nan yana sunkuye, baya ya ƙage, yatsa ya sage, bai motsa ba, bai ce "yi sauri" ba. Ɗinkin da shi zai yi kafin ka gama alwala, ya tsaya yana kallon wani na yin sa a hankali, ga manyan ƙasa na kallonsa. Da aka ɗaure, ya ɗaga yatsa sannu sannu. Wuri ya bushe ƙayau.

Da aka zauna yanke hukunci, Farfesa ya ce, "Haladu, tsakaninka da Allah, wa ya tsayar da jinin nan?"

"Yatsana ya tare shi, ɗinkin Mudi ya tsayar da shi. Kuskure kuwa ya yi, ba zan ɓoye masa ba, ya ja zare fiye da kima. Amma ku rubuta har da ni. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga, na san zai ja, ya kamata in ce masa ya sassauta, na makara. Aikin na hagu ke nan, ban yi shi a kan lokaci ba."

Babu wanda ya ga wannan makarar, da ya yi shiru da ta wuce. Manya suka yi ta muhawara, daga ƙarshe suka ce al'ada al'ada ce: malam bai zagayo ba, ɗalibi ya gyara ɓarnarsa da hannunsa, Mudi ya ci. Amma kafin zaɓe magana ta zaga taro, wai an ga jini a aikin Haladu, wai da bakinsa ya ce ya makara. Aka zaɓi wani.

Mudi ya sami Dakta Haladu a barandar asibiti yana cin gyaɗa, ya durƙusa, hawaye na zuba. "Malam, ni na jawo maka. Ban san da wane baki zan gode maka ba."

"Tashi, kada majinyata su ɗauka wani ya mutu. Jiya masu taɓa zuciya a ƙasar nan ba su kai na yau ba, an sami ƙarin mutum ɗaya, ni kuwa Alhamdu lillahi. Je ka wurin Malam Isiyaku, ya farka yana ta rigima a ba shi goro. Mara lafiyarka ne, kai za ka hana shi."

Jama'a, darasin a fili yake. Babba na gaskiya shi ne wanda zai iya karɓe aikin, amma ya riƙe maka wurin da ke zubar jini har hankalinka ya dawo, kuma in an zo rabon laifi ya ɗauki nasa kason. A cikinku akwai masu gareji, akwai teloli, akwai masu walda, akwai iyaye. Na ƙasa da kai ya kuskure, sai ka fizge sifana, ka fizge almakashi, ka ce "matsa, ba ka iya ba." Aikin ya yi kyau, amma ka kashe masa zuciya, gobe ma ba zai iya ba. In abin zai kai ga hasarar rai ko cutar da mai kaya, karɓa, babu musu. In kuwa za ka iya tarewa ya gyara, to ka tare, ka yi haƙuri.

Sannan kowannenmu da ke zaune a nan, akwai wanda ya taɓa tare masa. Wani ogansa ne, wani yayansa, wani mahaifiyarsa. Sun iya, sun fi mu sauri, amma suka tsaya suka jira mu. In naka yana raye, kada ka bari makon nan ya fita ba ka je ka gaishe shi ba, ka ce masa ka gode, da bakinka. In ya riga mu, ka sa shi a addu'a. Allah ya saka musu da alheri, ya ba mu irin haƙurinsu a kan na bayanmu. Ku ce amin.