Gangar Kwaɗo a Gidan Damo

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, mun kasa kunne.

Kwaɗo makaɗi ya ɗaure gangarsa a bakin rafi, ta yi zaƙi. Damo ya gayyace shi bikin suna a kan dutse. Rana ta gasa fatar gangar, bugu ɗaya ta fashe, 'yan rawa suka watse.

Kwaɗo ya yi ta jujjuya ta, ya dubi Kunkuru da ke cikin 'yan biki. "Ikon Allah! A gidana fa lafiya lau take. Yaya Kunkuru, me ya sauya?"

Kunkuru ya ce, "Ka kawo ganga, ka baro danshi a gida. Kana tsammanin don ado nake yawo da ɗakina?"

Kwaɗo ya gwada goyon rafi, bai ɗauku ba. Shi ya sa har yau mai son kiɗansa sai ya bi shi bakin ruwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kwaɗo!