Kura da Ruwan Jima

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha daɗinta!

Kura ce ta buɗe majema a bakin kogi, tana kwarara ruwan jima cikin kogin, har kifaye suka fara mutuwa. Tarwaɗa ta kai kuka wurin Kada, sarkin ruwa.

Aka kira Kura, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwana tas yake. A ba ni izini in ci gaba da zubawa."

Kada ya ce, "Na ba ki, amma a bakin magudanarki za ki riƙa sha."

Da ta kurɓa, yini ta yi tana amai. Washegari ta haƙa rami nesa da gaɓa, ta juya ruwan can.

Kogi ya koma garau. Tarwaɗa ta leƙo ta ce, "Alhamdu lillahi! Yara, ku fito."

Ƙurunƙus kan ɗan ƙarfasa!