Wuƙa Mai Sawun Zabo

Akwai wani maƙeri a wani gari na gindin dutse, wanda ba ya ƙera komai sai wuƙa. Fartanya da gatari ya bar wa sauran maƙera. Shekara talatin ya yi yana zaune a maƙerarsa, har sunansa ya kai garuruwan da shi kansa bai taɓa sa ƙafa ba. Mahauta sun san wuƙarsa, makiyaya sun san ta, har mata masu yankan kuɓewa sun san ta.

Ga yadda yake aikinsa. Kowace wuƙa tana da wutsiyar ƙarfe wadda take shigewa cikin ƙota, ba a ganinta. Shi maƙerin nan yakan ja wutsiyar ta yi tsawo, ta ratsa ƙotar itacen ƙirya tun daga sama har ta ɓullo ta gindi, sa'an nan ya daddake kanta ya kwanta kamar kan ƙusa. Wuƙar da aka yi mata haka ba ta rabuwa da ƙotarta, ko da ƙato ya sa dukan ƙarfinsa. In ya gama, sai ya buga alamarsa kusa da ƙota, zane uku kamar sawun zabo. Aikin yana cin ƙarfe, yana cin gawayi, yana cin rana. A yini ba ya wuce wuƙa biyu, don haka wuƙarsa tana da tsada.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa ya zo ya sayi guda ɗaya, ya yi ta yabonta har maƙerin ya ji kunya. Ya tafi da ita birni, ya kai wa masu buga ƙarfe da inji. Bayan wata uku sai ga shi ya dawo da buhuna, ya baje a tsakiyar kasuwa. Wuƙaƙe ne masu ƙyalli, tsawonsu ɗaya da wuƙar maƙerin, ƙotarsu iri ɗaya, ga sawun zabo a jikin kowace. Amma ƙarfen mai laushi ne, wutsiyar kuwa ba ta kai ɗan yatsa ba. An cusa ta cikin ƙota an manne da ƙaro, sa'an nan aka kafa ƙusa ta gindi don mai saye ya zaci kan wutsiya ne ya ɓullo. Da kuɗin wuƙar maƙeri ɗaya, mutum sai ya kwashi biyar.

Maƙerin ya tashi ya je kasuwa, ya tsaya a kan mutumin, ya ce, "Ɗana, me ya kai alamata jikin kayanka?"

Ɗan kasuwan ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, zabo naka ne? Zane uku ne fa kawai. Talaka ma yana son wuƙa. Mai son taka ai ya san hanyar maƙera."

To, gaskiya ne talaka yana son wuƙa. Da mutumin nan ya sayar da arharsa da sunan kansa, ba wanda zai ce masa kanzil. Amma bai sayar da ƙarfe ba, shekara talatin na gumin wani ya sayar.

Mutane kuwa, kun san halinmu da arha. Suka yi ta kwasa. Hanyar maƙera ta fara fid da ciyawa. Badukun da yake ɗinka wa maƙerin kube ya rasa aiki, matan da suke kawo masa gawayi suka daina zuwa. Abin da ya fi masa ciwo shi ne, in wuƙar jabu ta karye a hannun mutum, ba ɗan kasuwan ake zagi ba, sawun zabo ake zagi. Yana zaune zai ji masu wucewa suna cewa, "Tsoho ya tsufa, hannunsa ya lalace." Sai ya sunkuyar da kai, ransa ya ɓaci ƙwarai.

Wata rana, bayan kwana tara bai hura wuta ba, ya ɗauki wata wuƙar jabu ya fasa ƙotarta don ya ga abin da ke ciki. Ya ga guntuwar wutsiya, ya ga ƙusa. Ya yi tsaki ya jefar. Can kuma sai ya miƙa hannu ya sake ɗauka, ya daɗe yana jujjuya ta. Ya ce a ransa, "In mutane ba su iya bambanta tawa da wannan ba, wa nake yi wa wahala? Abin da ke cikin ƙota, wa yake gani?"

Kashegari ya hura wuta. Bakin wuƙar ya yi shi da ƙarfe mai kyau kamar kullum, gama hannunsa bai iya aikin banza ba. Wutsiyar ce kawai ya gajarta. Ya lanƙwashe ƙarshenta kamar ƙugiya don kada ta yi rawa cikin ƙota, dabarar da ba wanda ya sani sai shi. Ya kafa ƙusa ta gindi, ya buga alamarsa. Ya rage tsada, a yini yana fid da shida. Ya ce wa kansa, daga damina ta wuce zai koma aikinsa na dā. Haka wanda aka kwaikwaya ya koma kwaikwayon ɓarawonsa.

A cikin kwanakin nan akwai wani manomi a wani ƙauye mai nisa, yana da sa guda ɗaya na huɗa, shi ne dukan dukiyarsa. Ya kira matarsa ya ce, "Ki je ki sayo mini wuƙa. Kada ki tsaya a kasuwa, jabu ta cika ta. Ki je har maƙera, ki karɓa daga hannun Baba." Matar ta yi sammako, ta yi tafiyar rabin yini, ta isa a gajiye. Maƙerin ya ba ta ruwa a ƙwarya ta sha, ya zaɓo mata wuƙa, ya sa mata albarka, ta koma gida.

Da ruwan shuka ya sauka, manomin ya ɗaure sansa a jikin wata bishiya a bakin kwari. Ƙasa ta jiƙe, san ya zame ya gangara, igiya ta shaƙe masa wuya. Manomin ya sheƙo a guje, ya zare wuƙa, ya danna ta a kan igiyar da dukan ƙarfinsa. Sai ƙota ta tsage, ƙarfen ya fizge ya yanke masa tafin hannu. Kafin maƙwabta su iso da wata wuƙa, san ya mutu. Ko yanka bai samu ba, ya zama mushe, ba mai sayen namansa.

Manomin ya tsinci ƙarfen a cikin laka, ya ga guntuwar wutsiya. Ya koma gida jini yana zuba, ya jefa shi gaban matarsa, ya ce, "A kasuwa kika saya, kika yi mini ƙarya."

Ta ce, "Maigida, har maƙera na je. Daga hannunsa na karɓa."

Ya ce, "Wuƙar Baba ba ta karyewa. Ubana ya riƙe tasa shekara ashirin."

Maganar ta kai gaban dattawa. Suka ce abin ai mai sauƙi ne, a je a tambayi mai aikin. Sai manomin ya kama hanya, hannunsa naɗe da tsumma, matarsa tana biye da shi. Suka iske maƙerin ranar kasuwa, mutane sun kewaye maƙera. Manomin ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye karyayyar wuƙar a gabansa, ya ce, "Baba, ka raba mu. Wannan aikinka ne?"

Maƙerin ya ɗauka. Kallo ɗaya ya yi wa wutsiyar ya ga lanƙwasar ƙugiya, ya gane hannunsa. Ya ɗaga kai ya ga matar, ya tuna da ita sarai. Ya dubi jama'a, duk suna jiransa. Ya sani in ya ce tasa ce, kafin rana ta faɗi labarin ya gama kasuwa, sawun zabo kuwa ya mutu har abada.

Ya ce, "Ba tawa ba ce. Jabu ce."

Matar ta matso, ta ce, "Baba, ka dube ni da kyau. Ni ce ka ba ruwa a ƙwarya. Kai ka sa mini albarka."

Ya kawar da kai ya ce, "Mutane da yawa suna zuwa nan, 'yata."

Manomin ya yi masa godiya, har ya roƙe shi gafara don ya ɓata masa lokaci. Da suka koma, ya ce wa matar ta tattara kayanta. Ta koma gidan ubanta, kuma duk ƙauyen suka san ta da sunan wadda ƙaryarta ta kashe san mijinta.

Shi kuwa maƙerin, labarin ya ƙara masa suna. Mutane suka ga abin da jabu take jawowa, suka dawo maƙera. Tun daga ranar bai sāke gajarta wutsiya ba. Ya kwashe sauran wuƙaƙen da ya yi wa ƙusa ya narkar, ya koma wuƙa biyu a yini, aikinsa ya ma fi na dā kyau. Amma bai taɓa taka hanyar ƙauyen nan ba. Sau da yawa yakan yi niyya, sai ya ce bari aiki ya lafa. Abinci ya daina yi masa daɗi, ya rame, mutane suna cewa tsufa ne.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Alamar nan ita ce sunan Almasihu da muke ɗauke da shi. Wutsiyar da ke cikin ƙota ita ce rayuwarmu ta inda ba mai gani sai Allah. Ɗan kasuwan shi ne duk mai ɗaukar sunan wani ya lulluɓe aikin banza da shi. Ya cuci mai aikin, ya cuci mai saye, ya kashe wa baduku da mai gawayi abincinsu. Mu da muke rububin kayansa muna sane, don kawai yana da arha, kada mu ce hannunmu ba ya ciki.

Amma ba don ɗan kasuwan na ba ku misalin nan ba. Na san ba shi kuke gani a madubi ba. Maƙerin nake ji wa tsoro, domin mutumin kirki ne, kuma an cuce shi da gaske. Da wannan cutar ya ba kansa izini. Haka tela yake rage yadi ta ciki, magini ya rage siminti a tushe, mai awo ya danne gindin mudu, kowa yana cewa, "Ai kowa ma haka yake yi, kuma na ɗan lokaci ne." Ranar Lahadi kuwa mu zo da alamarmu tana ƙyalli. Abin da muka gajarta ba a hannunmu yake karyewa ba, a hannun wanda ya amince da mu yake karyewa.

Abu na ƙarshe shi ya fi nauyi a zuciyata. Maƙerin ya gyara aikinsa, kuma na tabbata ya yi kuka gaban Allah. Amma tuban da bai kai ƙofar wanda aka cuta ba, bai gama tafiyarsa ba. Kyawawan wuƙaƙe dubu ba su mai da matar nan ɗakinta ba. Kalma biyu kawai take bukata daga bakinsa, "Tawa ce," shi kuwa ya fi son sunansa.

Ban san wanda yake ɗauke da laifinka a kansa yau ba, ana nuna shi da baki, kai kana zaune a nan ana gaishe ka da girma. Ni ban san shi ba. Kai ka san sunansa, ka kuma san hanyar gidansa.