Shingen Jirgi da Hanyar Maƙabartar Aulad Hammu

Akwai wani injiniya a Rabat mai suna Jawad, ma'aikacin wani kamfani da ke nazarin muhalli. Kafin a fara kowane babban aiki, shi ake turawa ya duba abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da dabbobi da mutanen wurin, ya rubuto rahoto. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba a musu. Matsalarsa ita ce ya san yana da ita, kuma yana so kowa ya sani.

Da aka tashi gyara layin dogon da ya ratsa yankin Garb don jirgi mai tsananin gudu ya riƙa bi, sai aka ba shi wani ɓangare ya duba. Irin wannan jirgi ba a haɗa hanya da shi. Dole a kewaye layin da shingen ƙarfe hagu da dama, a toshe duk ƙananan mashigan da mutane suka saba tsallakawa da ƙafa. Inda rahoton muhalli ya ce akwai buƙata, nan ake haƙa hanya ta ƙarƙashi. Inda rahoto ya yi shiru, shinge sai ya wuce abinsa.

Shugabarsa, Lalla Zuhur, ta gaya masa tun farko cewa in rahoton ya fito kafin a shiga hutun bazara, kujerar shugaban sashe tasa ce. Tun daga ranar Jawad ya daina ganin ƙauyuka a taswira, kujerar kawai yake gani.

A cikin ɓangarensa akwai wani ƙauye, Aulad Hammu. Gidaje suna gabas da layin, maƙabarta tana yamma, jifa ɗaya tsakaninsu. Rannan yana tsaye da na'urorinsa yana ƙirga sheƙar shamuwa a kan turaku, sai wani tsoho manomin rake, Alhaji Bushayib, ya zo ya tsaya a gefensa yana kallo. Da ya gaji da kallon, ya ce tunda an gama ƙirga tsuntsaye, a zo a sha shayi wajen mutane.

Jawad ya so ya zille, amma tsohon ya riga ya riƙe masa hannu. Aka shimfiɗa masa, aka kawo burodi mai zafi da man zaitun da zuma, aka tsiyayo shayin na'ana'a. Sai da ya ci ya ƙoshi sannan Alhaji ya shigo da maganarsa. Ya ce su ba su ƙi jirgi ba, jikokinsa ma ɗokinsa suke yi. Abu ɗaya suke roƙo, a bar musu hanyar da za su riƙa kai mamatansu.

Jawad ya ce ai akwai gada a can gaba, mota za ta iya zagayawa ta nan.

Tsohon ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, gawa buhun taki ce da za a loda a mota? Mu nan a kafaɗa muke kai namu. Duk wanda ya taɓa shan shayi da mutum sai ya ɗauke shi ko taku kaɗan ne. Matata tana can kwance, ga wurina a gefenta. Ka rubuta musu wannan."

Jawad ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "In sha Allahu, Baba Alhaji. Ka ɗauka an gama."

Ko bakin mota bai kai ba ya fara lissafi. Hanyar ƙarƙashi na nufin sabon zane, sabon zane na nufin jinkiri, jinkiri kuwa na nufin wani ya hau kujerar. Bai rubuta komai ba.

Saura abu ɗaya da ke gabansa. Ƙa'ida ce a tara mutanen yanki a ji ta bakinsu kafin a rufe rahoto, kuma ya san in mazan Aulad Hammu suka cika zauren taro, maganar maƙabarta sai ta taso. Sai ya sa taron ranar Talata da hantsi. Kowa ya san Talata ranar kasuwar mako ce, ba namijin da ke saura a ƙauye sai wanda ciwo ya kwantar, mata kuwa ba sa shiga zauren hukuma ba mazansu. Ranar taro mai unguwa ne ya zo, da wasu tsofaffi da suka zo shan inuwa. Jawad ya yi musu bayani da Faransanci mai yawa da Larabci kaɗan, ya rubuta cewa an yi taro, ba wanda ya yi ƙorafi.

Rahoto ya fito a kan lokaci, aka ba shi kujera, aka kafa shinge.

Bayan wasu watanni aiki ya sake kai shi yankin, zai auna ƙarar jirgin gwaji. Yana tuƙi a kan hanyar tsakuwa da ke bin gefen shingen, sai ya tarar da taron maza sun cika hanyar, ɗauke da makara, suna tafe suna kalmar shahada. Rana ta take. Ya tsayar da mota ya fito, don komai girman kan mutum a ƙasar nan, in ya haɗu da makara sai ya sa kafaɗa. Wani ya matsa masa, ya karɓi ƙafar makarar ɗaya ta gaba.

Sai da nauyin ya zauna masa ya tambayi na kusa da shi ko wane ne. Aka ce Alhaji Bushayib ne, mai rake.

Jawad ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya kai hagu, ga maƙabartar nan ta cikin ragar shingen, har fararen duwatsun kaburbura yana gani. Su kuwa sun ba ta baya, sun miƙa wajen gadar da shi da bakinsa ya ce mota za ta iya zagayawa. Da ƙafa, gadar nan ba kusa take ba.

Abin da ya fi ci masa rai tsofaffin ne. Tun ba a yi nisa ba suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai sanda, wanda aka ce tare suka yi karatun allo da mamacin, ya yi ta jan ƙafa har numfashi ya gagare shi. Ya tsaya ya ce a tafi kawai, shi zai koma daidai inda tsohon mashigin yake, ya yi wa abokinsa rakiya da ido. Da suka haye gadar suka dawo ta ɗaya gefen, suka iske tsofaffin jere a bayan shinge, yatsunsu a cikin raga. Daga nan suka ga an sa shi a rami, daga nan suka yi masa addu'a. Ko ƙasa ɗaya ba su samu sun zuba masa ba.

Sau da yawa ana taɓa kafaɗar Jawad don ya ba wani wuri, yana ƙi. Mutane suka ɗauka tsabar ƙauna ce, har wani yana cewa Allah ya yi wa baƙon nan albarka. Kunya ce ta hana shi saki, don in ya saki makarar dole ya ɗaga kai ya kalli fuskokinsu.

Bayan an rufe, ya so ya sulale ya koma motarsa. Abdulkabir, babban ɗan mamacin, ya gane shi, ya rungume shi, ya rantse ba zai tafi ba sai ya ci kuskus ɗin da maƙwabta suka dafa wa gidan makoki. Aka zaunar da shi a ɗakin da ya taɓa shan shayi, aka sa masa akushi a gaba.

Abdulkabir ya ce, "Malam Jawad, kada ka sa wa ranka damuwa. Mun san ka yi iya ƙoƙarinka, manyan ne suka ƙi. Ka san ranar taron nan mun shirya mu bar kasuwa mu zo gaba ɗayanmu? Baba ne ya hana. Ya ce, ku tafi kasuwarku, na riga na gaya wa injiniya, ya ci abinci a gidana, ya ɗora hannu a ƙirji. In muka je muka cika masa zaure, zai ga kamar ba mu yarda da shi ba."

Lomar da ke hannun Jawad ta kasa kaiwa baki. Ya mayar da ita akushin, sannan ya ce da muryar da shi kansa bai gane ba, "Ba wanda ya ƙi. Ni ne ban rubuta ba. Ranar Talatar ma ni na zaɓe ta, don kada ku zo."

Wani saurayi ya yunƙura zai tashi, Abdulkabir ya dafa masa gwiwa. Idanun Abdulkabir sun kaɗa sun yi ja. Can ya tura naman da ke tsakiyar akushin zuwa gaban Jawad.

Ya ce, "Ci abinci. Baƙon Baba ne kai, ba za a wulaƙanta ka a ɗakinsa ba. Sauran maganar tsakaninka da shi ne, ka kuwa ga inda muka ajiye shi."

Da zagi aka yi masa, ko duka, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya shiga ofishin Lalla Zuhur ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ta ce ya san abin da wannan magana za ta jawo masa? Ya ce ya sani. Aka karɓe kujerar, aka mayar da shi ƙaramin ma'aikaci. Aka sake kiran taro, wannan karon ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zaure ya cika har waje. An daɗe ana kai da kawo, amma daga baya an haƙa wa Aulad Hammu hanyarsu ta ƙarƙashin layin.

Ranar da aka buɗe ta, Abdulkabir ya aika masa ya zo. Jawad ya shirya, ya hau mota, ya kai har mararrabar ƙauyen, sannan ya juya ya koma Rabat. Bai iya shiga hanyar da mai roƙonta bai samu an bi da shi ta ciki ba.

Darasi: In mutum ya yarda da kai har ya fasa kare kansa, kada ka mayar da yardarsa makamin cutarsa. Aikin da ke gabanka a takarda, rayuwar wasu ce da mutuwarsu, kuma gyaran da ya zo a makare ba ya isa ga wanda aka fara zalunta. Ku tura wa duk wanda kuka san ana jiran sa hannunsa a kan al'amarin mutane.