Kalma ɗaya ta hana Farida karatu

Akwai wani mutum a Tawa mai suna Abdurazak. Ya yi shekara shida yana sayar da tufafi a Kumasi, ya dawo da ɗan Ingilishi a bakinsa. Duk takardar da ba ta Faransanci ba, shi ake kai wa a unguwa, har abin ya hau masa kai.

Farida ɗiyar ƙanwarsa ce, a Barmou take. Ta nemi gurbin karatun ungozoma na kyauta a wata makaranta a Sakkwato. Da amsa ta iso wayarta, sai ta kawo masa.

Ya duba, ya ga kalmar except kusa da takardar haihuwa. Ya ce an karɓi takardunta duka, ta je ta shirya kaya.

Farida ta ce ko su nuna wa Madam Kulu, malamar Ingilishi a kwaleji, don a tabbatar. Nan take ransa ya ɓaci.

"Mi za ta hwaɗa mini? Ita cikin littahi ta koya, ni cikin masu harshen na zamna."

Farida ta bar maganar, don kawu ne.

Bayan wata biyu, da kansa ya raka ta Sakkwato. Sun bi jerin sunaye sau uku, babu nata. Wata ma'aikaciya ta karanta saƙon, ta yi musu bayani da Hausa: accept shi ne karɓa, except kuwa banda. An rubuto ne cewa komai ya iso banda takardar haihuwa, a turo ta cikin mako uku. Da ba a turo ba, aka ba wata gurbin.

Takardar kuwa tana cikin jakar Farida.

Suka shiga mota, suka kama hanyar gida. Sai da suka wuce Ƙonni Farida ta ce, "Kawu, da ka ce ba ka sani ba, da ban ga laihinka ba."



Da shekara ta zagayo, shekarunta sun wuce iyakar da makarantar ta sa. Yau Farida tana ɗinki a Barmou, tana gaishe shi da ladabi, shi kuwa ba ya iya haɗa ido da ita.

Darasi: Faɗin "ban sani ba" ba ya rage darajar kowa, amma girman kai yana iya rushe rayuwar wanda ya amince da kai. In ba ka tabbata ba, ka tambaya. Ku tura wa 'yan uwa don su amfana.